Abin Da Ya Kayar Da Baba A Shagonsa

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. Allah ya tsare mana kai a kan hanya, ya sa ka riƙa sauke kayan mutane lafiya. Mu nan da sauƙi. Inna na nan, sai ƙafar da take ɗan damunta, Auta kuma ta gama jarrabawa.

Yaya, ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa. Ranar Talata da hantsi Baba ya faɗi a shago. Yana kan keken ɗinki, tef a wuya, sai kawai ya sulale daga kujera. Mai wanki na kusa da shi ne ya ji ƙarar ya leƙo. Da na iso na tarar da shi sharkaf da gumi, ya dafe ƙirji, zuciyarsa na dukan uku-uku har ana gani ta cikin riga. Wallahi na ɗauka shi ke nan.

A asibiti, bayan an auna shi, likita ta tambaye shi abin da yake sha. Ka san Baba, ya ce shi ban da ruwa da ɗan shayi ba ya shan komai. Nan Inna ta tona shi. Ta ce gahawa yake sha mai kauri, kofi shida ko bakwai a wuni, tun da ɗinki ya yi masa yawa. Mai wankin, wanda ya rako mu, ya ƙara da cewa kullum bayan azahar sai Baba ya aika an sayo masa lemon gwangwanin nan mai ƙara kuzari, wani lokaci biyu. Sai likita ta ce ko yana shan wani magani. Na zaro ƙwayar ciwon kan da nake saya masa daga jakata, ina ganin na yi abin kirki. Ta juya kwalin, ta nuna mini rubutun. Ashe gahawar da lemon da ƙwayar duk abu ɗaya ne a cikinsu, wai shi kafeyin. Ka ji fa, Yaya. Wata huɗu ina kai masa da hannuna.

Ta yi mana bayani cewa idan ya yi yawa yana sa bugun zuciya ya rikice, jini ya hau, hannu ya yi rawa, barci ya ƙaura. Ciwon kan ma, in ji ta, yakan taso ne idan ya jinkirta shan gahawar, sai ya haɗiye ƙwaya, abin ya koma sabo. Ta hana a yanke masa gahawar gaba ɗaya, sai dai a rage a hankali. Baba na kwance da ledar ƙarin ruwa a hannu amma har ya samu bakin tambayar ko rabin kofi ana ƙirga shi.

Abin da ya fi ba ni tsoro sai da na je rufe shagon na gan shi. A ƙarƙashin teburin yanka na tarar da yadin mutane har uku, duk an yanka su a karkace, an dunƙule an tura can ciki. Mutumin da ya shekara arba'in da almakashi bai taɓa ɓata yadi ba! Ashe hannunsa ya daɗe yana rawa, kunya ta hana shi faɗa. Na zauna a kujerarsa na yi kuka na ƙoshi.

An sallame shi jiya, yana gida, Inna ta ɓoye gwangwanin gahawar a bayan tukwane. Amma kai ne ka tsaya mini a rai. Da ka zo bara na ga gwangwanayen lemon nan zube a ƙarƙashin kujerar motarka, ka ce su ke riƙe ka a doguwar tafiya, har muka yi dariya. Don Allah ka je a duba ka, kuma in gajiya ta zo ka faka ka huta. Baba daga kujera ya faɗo, maƙwabci ya ɗaga shi. Kai kuwa babbar mota ce a hannunka, da rayukan mutane a gabanka.

Ka gaida mini matarka da 'yan biyu da Gwaggo. Inna da Auta suna gaishe ka. Baba ma ya ce a gaishe ka, amma wai kada a gaya maka maganar yadin.

Taka ƙanwa mai jiran amsarka,
Maman Yara