Inna ta ce ba za mu shiga jirgi ɗaya ba

Assalamu alaikum 'yan wannan grup mai albarka. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a nan kuma bakinsu ba ya riƙe magana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ƙulle. Ni ba yarinya ba ce, ina da jikoki har da masu aure, amma yau ga ni ina kuka a kan hoton jiragen ruwa guda biyu.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bakin kogi, ƙasa da garin Rusairis kaɗan, a Sudan. Kakanninmu daga yamma suka taso da niyyar Makka, hanya ta ajiye su a nan, aka haife mu. Babana mai markab ne, wato kwalekwalen fito, shi ke ƙetarar da mutane da buhunan dawarsu. A ƙauyenmu akwai wata al'ada da kowa ya tashi ya tarar, miji da mata masu 'ya'ya ba sa shiga markab ɗaya. In za su kasuwa a ƙetare, shi ya shiga na farko, ita ta jira na biyu, su haɗu a mushra, inda ake sauka. Dalilin shi ne in ruwa ya ci ɗaya, ɗayan ya rage wa yara. Baba ya fi kowa tsanani a kan wannan, na sha ganin ya sauke babban mutum daga markab ɗinsa don kawai matar mutumin ta riga shi shiga.

Ba a daɗe da gama ginin dam ɗin Rusairis ba, ina 'yar budurwa, noman bakin kogi ya yi kyau, Baba ya ce bana shi da Inna za su ƙarasa tafiyar da iyayensu suka fara. Sai wani dattijo da ya taɓa ƙetarawa, Alhaji Buba, ya kawo labari cewa jirage biyu ne ke ɗaukar alhazai daga Bur Sudan zuwa Jidda. Ɗaya fari ne, sabo, dogo kamar an ɗora gida a kan gida, yana da famfo da likita, kuma yana da sauri. Ɗayan baƙi ne, tsoho, mai faɗin ciki, raguna a ƙasa mutane a sama, tafiyarsa kamar ba ya so. Wallahi sai ƙauye ya kasu biyu. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan gishiri ba duk suka zama masana jirgi, kullum bayan la'asar suna gindin bishiya ana shan jabana, wato gahawa, Alhaji Buba yana zana jiragen a ƙasa da sanda, kowace rana farin yana ƙara tsawo.

Duk maniyyatan ƙauyenmu farin suka zaɓa. Baba kuwa da idon mai fito ya duba abin, ya ce abu mai tsawo iska ke wasa da shi, baƙin nan mai faɗin ciki shi ne zai zauna daram a kan ruwa. Aka ce to Malam ku shiga baƙin kai da iyalinka. Ya ce a'a. Alhaji Buba ya yi masa bayani har ya gaji, cewa wannan ba markab ba ne, gari ne guda yake tafiya, kuma Jidda ba mushrar ƙauye ba ce da za ka tsaya ka hango kowa. Ina wanke kofuna na ji amsar da ya ba shi, har yau tana kunnena.

“Alhaji, ruwa dai ruwa na. In munka shiga guda ya ci mu, wa zai riƙe ɗiyan ga?”

Shi so ya yi Inna ta shiga baƙin, tunda a ganinsa shi ne mai aminci, shi ya shiga farin. Inna ta ce ita ba za ta je ɗakin Allah tana warin raguna ba, kuma ba za ta rabu da matan ƙauyenmu ta shiga cikin baƙin fuska ba. Suka yi ta ja, har ta daina kai masa abinci da hannunta, ni take aikowa. Daga ƙarshe ya sakar mata. Ya ce ta shiga farin cikin 'yan uwa, shi zai bi baƙin, duk wanda ya riga sauka ya tsaya a bakin ruwa kada ya gusa. Suka bar min ƙannena huɗu, ƙaramin ma ba a daɗe da yaye shi ba, suka hau jirgin ƙasa zuwa Bur Sudan.

Bayan Babbar Salla da 'yan makonni Inna ta dawo ita kaɗai. Jirginsu ya riga isa, ta zauna a kan kayanta a tashar Jidda ta ce ba inda za ta. Ashe ba a barin kowa ya zauna a wurin, ana saukowa ake kwashe mutane zuwa masauki, daga nan a loda su a mota sai Makka. Matan ƙauyenmu ne suka ɗaga ta tana ihu. Ta neme shi a Harami, ta neme shi a Mina, tana tambayar mutane ko sun ga Muhammadu mai markab, a wurin da in ka kira Muhammadu rabin duniya za su waiwayo. Wani ya ce ya gan shi kwance a saman jirgi yana amai, wani ya ce kamar ya hango shi wajen jifa. Iyakar abin da muka samu ke nan har yau. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya zo ya ce a gabansa aka yi.

Inna ta ƙi yin takaba, ta ƙi yarda a yi masa sadaka, malamai suka yi magana ta ce ita matar aure ce. Duk shekara in alhazai sun dawo sai ta tafi tasha ta tsaya har a watse. Ni na zama uwa a gidan, ita jikinta kawai ke nan. Ba zan ɓoye muku ba, na yi shekaru ina jin haushin Baba. Ya raba jirgi don kada mu zama marayu, sai ga shi mun rasa shi gaba ɗaya, ita kuma mun samu rabinta. Wani lokacin ita ma ina jin haushinta, sai in tuba.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Tashin hankalin da ya raba mutane da gidajensu a Sudan mu ma ya taso mu, ɗana babba da ke aiki a Jidda ya ɗauko ni da Inna a jirgin sama, muna zaune wurinsa. Tun da muka zo ta kwanta ta juya wa duniya baya. Ta tsufa ƙwarai, hankalinta yana zuwa yana tafiya, abinci sai na yi kamar zan yi kuka take karɓar loma biyu, banɗaki sai an riƙe ta. Yaron nan don ya faranta mana ya ce zai kai mu hutu a irin manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa, masu fita teku su zaga 'yan kwanaki su dawo. Ya zo da bidiyo a waya ya ce mu zaɓa. Ɗaya fari ne ƙato, benaye a jere, ga lif, ga asibiti a ciki, ko'ina keken marasa lafiya yana shiga, shi ya fi so saboda kakarsa. Ɗayan shuɗi ne mai duhu kamar baƙi, bai kai wancan girma ba, ya fi daɗewa a ruwa, amma an ce ya fi shiru, babu yawan kiɗa da hayaniya. Ni har na fara tsokanarsa, na ce mu da muka tashi a markab mai yoyo yau mu ne da zaɓen hotal mai iyo. Ban lura ba ashe Inna ta juyo tana kallo.

Matar da sai an ɗaga ta, ta tashi zaune da kanta. Ta karɓi wayar ta kai kusa da ido, ta tambayi ina jiragen ke sauke mutane in sun dawo, ya ce mata nan tashar Jidda. Sai ta sa yatsa a kan shuɗin ta ce wannan za ta shiga, wancan karon ta ƙi shi, bana ba za ta ƙi ba. Ni kuma in shiga farin, don ni ke riƙe da gida yanzu, ba za mu haɗu a jirgi ɗaya ba. Na ce Inna ai tuntuni muna Jidda, in Baba na nan da mun gan shi. Ta dube ni kamar ni ce mai ruɗewar.

“Ke ba ki da hankali? Ta sama munka zo. Alkawalinmu bakin ruwa na, shi mi ya sani da filin jirgi? Shina can tsaye, kalas, magana ta ƙare, ki bar ni in tahi.”

Tun ranar Inna take cin abinci. Tana cinye kisra, wainar dawar nan tamu, da miya ta nemi ƙari, ta sa an wanke mata tob ɗinta mai kyau, wato lafayarta, jiya har waƙar daka na ji tana yi. Jikokina murna suke yi haboba, wato kaka, ta warke. Ni kuwa duk lomar da ta kai baki tsoro take ba ni, don na san abin da take ci dominsa.

Gidan ya rabu. Ɗana ya ce a kai ta, matarsa ta raka ta a shuɗin ko kuma duk mu shiga ni in ɓuya, ta samu kwanakin farin ciki ko da su ne na ƙarshe. Na ce to in an dawo fa, ta sauko ta duba dama da hagu ba kowa, wa zai ɗaga ta daga wurin karo na biyu? Shi bai ga fuskarta a waccan dawowar ba, ni na gani. Ƙanena, wanda aka bari yana ɗan yaye, ya kira a waya yana faɗa, wai a soke tafiyar a zaunar da ita a gaya mata Baba ya mutu, a yi sadaka a huta. Na ce shi ya zo ya faɗa mata da bakinsa, kuma ya kawo shaidar da ya samu wadda mu ba mu samu ba, ya kashe waya. Likitan da ke duba ta ya ce zuciyarta ba ta son girgiza ko ta murna ko ta baƙin ciki. Na gwada ce mata an ɗaga tafiyar, a ranar ko ruwa ba ta sha ba sai da na ce wasa nake yi.

To 'yan uwa ku duba min. In na kai ta, ina ganin a tashar nan zan rasa ta. In na hana, za ta koma ta juya wa bango fuska, kuma wannan karon na san ba za ta sake juyowa ba. In na ci gaba da ce mata gobe, jibi, ƙarya nake yi wa uwata tana cikin kwanakinta na ƙarshe, kuma ba ta ruɗe har ta kasa gane ƙarya ba. Na yi istihara, na yi kuka, ban ga wata ƙofa ba. Don Allah wanda zai zage mu da jahilci ya riƙe abinsa, mun riga mun biya.

Yau da safe ta kira ni ta miƙo ƙafafunta. A wurinmu matar da mijinta ke kusa ita ke yin baƙin lalle, ni kuwa tun ina budurwa ban ƙara ganin lalle a jikin Inna ba. Ta ce in nemo mata mai lalle kafin ranar tashi, ba za ta sauka gaban Malam da farar ƙafa ba. Na ce mata to. Tana can zaune ta naɗe zane zuwa gwiwa tana jira, ni kuma na shigo ɗaki na rufe ƙofa ina rubuto muku. In kira mai lallen ko kada in kira?