Zaɓi Uku na Auta

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambaya me ya sa Auta ya daina zuwa gidana cin abinci. Ni ce, Mama.

Aikinmu haɗa zuciyar manhajar da ke tayar da kwamfuta ne, muna ce mata kanel. Kowane sashe nata sai an tsara masa zaɓi. Wani biyu gare shi: a saka ko a bari. Wani uku: a saka, a bari, ko a ajiye a gefe sai an buƙata. To, sashen da ke buɗe ma'ajiyar injinmu Auta ya ba shi uku. Duk wanda ya zaɓi a ajiye, ya kulle makulli a cikin ɗaki ke nan, injin ba zai tashi ba.

Ni aka ba aikinsa in duba. Teburinsa na kallon nawa, da na miƙa hannu sai in taɓa kofin shayinsa. Amma kin san 'yarki da baki. Sai na rubuta a shafin da kowa a ofis ke karantawa cewa ko ɗan koyo ba zai yi wannan shirmen ba. Wai don kada a ce ina ɗaga wa ƙanena ƙafa. Har dariya aka yi. Wallahi kunya ta ishe ni.

Kada ki yi masa faɗa. Ki gaida Baba.

'Yarki.

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso, na sha faɗan kuma na cancanta.

Auta ya mayar da zaɓin zuwa biyu, har ya ƙara bayani mai kyau a ƙasa. An karɓi aikin. Na yabe shi a shafin nan dai, na kuma ba shi haƙuri a bakin matakala. Ya ce ba komai, idonsa na kan waya.

A ƙarshen gyaran akwai layin da ake gode wa wanda ya duba. Ya rubuta cikakken sunana, har da muƙamina. Yanzu ko a baki haka yake kirana. Mama, tun da yaron nan ya iya magana bai taɓa kirana da suna ba, Yaya yake cewa.

Gobe zan dafa abin da yake so in ajiye masa a tebur. Ki taya ni da addu'a.

'Yarki,
Yayar Auta.