Tsatsar da Ke Bayan Ƙarfen Ado

Baban Nuriyya,

Na wuce aiki, ban tashe ka ba. Ka yi haƙuri, na yi wa kampin-kar ɗinka, motar nan taka mai ɗakin kwana, ɓarna. Da safe na jingina da ita ina ɗaure wa Nuriyya takalmi, sai dogon ƙarfen adon nan na gefe ya biyo ni har ƙasa. Abin da ke bayansa tsatsa ce zalla. Na sa yatsa, ya zarce ciki har ya taɓo katifa.

Shekara biyu kana sheƙa mata ruwa bokiti shida kowace Lahadi, sai ka ce muna Damagaram inda rana ke busar da komai. Nan Saint-Fons ne, gefen Liyon, Malam. Ruwan bara ma yana nan kwance bayan ƙarfen, shi da gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara. Yau kuma na gane abin da ya sa takardun "Masha Allah" suka kai bakwai a jikinta, ashe kowace da ramin da take rufewa.

Don Allah kar ka liƙa ta takwas. Ka kai ta wurin Bubakar mai walda yau, ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabo. Inna za ta sauka Paris ran Asabar, kuma ka cika mata baki cewa a ciki za ka ɗauko ta. Tsohuwar da ta tsallake Sahara lafiya ba za ta faɗo ta bango a hanyar Liyon ba.

Ƙarfen yana bayan ƙofa. Duk motar shi kaɗai ne mai lafiya.

Ruwaida