Na Kai 'Yata Yaye, Na Kasa Ɗauko Ta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yanke min hukunci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni likita ce a wani asibiti a Dutsin-Ma. Maigidana a Abuja yake aiki, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Kun san halinmu mata, kowacce likita mace take so, layi tun safe har la'asar, in dawo gida a jigace in tarar da maƙwabta sun shimfiɗa tabarma da yaransu masu zazzaɓi. Da wane baki zan ce a'a? Ana haka lokacin yaye 'yata ya yi, na kai ta Kurfi wurin Innata kamar yadda aka saba, da zummar in ta manta nono in ɗauko ta. Jama'a, da azumi na kai ta, ga shi har naman layya ya ƙare.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ranar da na dawo na tarar da gidan shiru, wallahi daɗi na ji. Wace irin uwa ce wannan? Duk Asabar ina ɗaukar mota da niyyar zuwa, amma da na kai gidan man da ke fitar gari sai in faka, in kifa kai a sitiyari in yi ta barci. In na farka in kira Inna in ce an kawo mai naƙuda.

Satin jiya na daure na isa. Yaran gidan suka ɗauki ihu, "Ga Likita, ga Likita!" 'Yata na jin haka ta ƙwalla ƙara, ta ruga ta ƙanƙame zanin Inna tana cewa, "Allura! Ba na so!" Na miƙa hannu, ta ƙara ɓuya. Inna ta dube ni ta ce, "Bar min ita tukun. Dubi wuyanki duk ƙashi. Ke ma da zan samu, da na yaye ki daga asibitin nan."

Kuka na yi har gida. In na ɗauko ta, ba ni da sauran ƙarfin da zan ba ta. In na ajiye aiki, matan da ke layi fa? In kuma na bar ta, ina ji ina gani 'yar da na haifa za ta tashi tana guduna.

Iyaye mata, musamman likitoci irina, don girman Allah, me zan yi?