Kifin da Yaya Manu Ya Ɗaga Gaisuwa Ce

Zuwa ga Alhaji Shugaban ƙungiyarmu ta taimakon juna da ke zama a Satwa, birnin Dubai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da harkokin kasuwa.

Ni ne Garba, mutumin Yawuri, mai tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito da ke Jebel Ali. Na kawo kukana a fili, ranka ya daɗe, domin a fili aka yanke wa wana hukunci. A zamanmu na ƙarshe ka ce ƙungiya ba za ta tsaya wa mai ba da cin hanci ba, jama'a suka gyaɗa kai, aka wuce zancen kuɗin kago, wato na aika kaya gida. Ina wurin. Kunya da baƙin ciki suka ɗaure mini baki, na kasa cewa uffan. Yanzu bakin ya kwance.

1. Wana, Yaya Manu, yana aiki a jirgin kamun kifi na wani Balarabe, shi kaɗai ne Bahaushe a cikin Indiyawa. A watan jiya suka fita ɗebo gargur, wato tarkon waya mai kama da gurar da muke kafawa a kogin Kwara. Igiyar ruwa ta ja tarkunan, suka bi su, ashe sun tsallake iyaka sun shiga ruwan ƙasar da ke ƙetare. Jirgin masu gadin teku ya tare su. Kowa ya zauna ya ɗora hannu a ka, ban da wana. Shi sai ya zaɓo kifin hamur mafi girma a cikin kamun, ya ɗaga shi da hannu biyu, ya rusuna, ya miƙa wa babban masu gadin. Aka ɗauki hotonsa a haka. Matuƙin jirgi da Indiyawan an ci su tarar ƙetare iyaka, sun dawo. Yaya Manu yana can a tsare, ana tuhumarsa da yunƙurin sayen jami'in gwamnati.

2. Kafin a ga baikensa, Alhaji, ina so a san wane irin ruwa ne wannan. Sau ɗaya na taɓa bin su, ranar hutuna. Ni da aka haifa a bakin kogi, na iya iyo kafin in iya Fatiha, ina ji da kaina cewa na san ruwa. Da gine-ginen Dubai suka nutse a bayanmu, har dogon nan da ke sukar gajimare ya ɓace, sai jikina ya yi sanyi. Babu gaɓa gabas, babu yamma. Babu ciyawa, babu dutse, babu ko tsuntsun da zai gaya maka akwai ƙasa kusa. Na tsaya yin sallah na rasa inda zan fuskanta sai da aka nuna mini. Wallahi ban taɓa jin ƙanƙantar ɗan Adam kamar ranar ba, na yi ta tasbihi hawaye na zuba ban san dalili ba.

Ana cikin haka matuƙin ya kira ni, ya nuna mini wani siririn layi a na'urarsa, ya ce daga nan zuwa can ba namu ba ne. Na leƙa ruwan. Shuɗi ne nan, shuɗi ne can, kifi na wucewa abinsa ba mai tambayarsa biza. Ya ce a wannan tekun babu taƙi ɗaya da ba shi da mai shi, sai an fita can babban teku ake samun ruwan da ba na kowa ba, kuma akwai wuraren da layin wannan ƙasa da na waccan ba su ma yarda da juna ba. Na jinjina wa ikon Allah da ya shimfiɗa wannan abu, na kuma jinjina wa ƙarfin halin mutanen da suka zauna suka raba shi, a inda ko turke ba ya kafuwa. A gida iyakar ruwanmu da na ƙauyen gaba wata giginya ce da wani dutse mai kama da bayan dorina. Ko makaho aka sa a kwalekwale zai laluba ya gane.

3. Ga abin da ba a faɗa maka ba. Mu Sarkawa, idan kifi ya ja mutum ya shiga ruwan wasu bai sani ba, masu ruwa suka riske shi, ba ya gudu, ba ya gardama. Yakan zaɓi mafi kyawun kifinsa ya ɗaga da hannu biyu ga babbansu. Kifin gaisuwa muke ce masa. Ma'anarsa, na san ruwanku ne, ba sata ta kawo ni ba. Babban yakan karɓa, ko ya dafa kifin ya mayar, a yi musabaha a rabu. Wanda ya ƙi ɗagawa shi ne ɓarawo. Mahaifinmu ya taɓa hana Yaya Manu shiga jirgi tsawon damina guda don ya manta da wannan ladabi yana saurayi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wana ya yi nasa a inda ba a jin yaren.

Ban ce masu gadin sun yi zalunci ba. Dokarsu suka bi, kuma abin da ido ya gani ya yi kama da abin da suka ce. Ban kuma ce kai ka san wannan al'ada ka take ba. Bakano da kifi sai a faranti, an soya an barbaɗa yaji, ba laifinka ba ne. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ba ka tambaya ba. Ina zaune a gabanka, ƙanin mutumin, uwa ɗaya uba ɗaya.

4. Mai jirgin ya ɗauki lauya, Allah ya saka masa. Lauyan ya ce maganata ni kaɗai ba ta da nauyi, domin ɗan'uwa ne ni. Amma idan dattijon da jama'armu suka sani ya zo da kansa, tare da wasu 'yan bakin kogi, suka shaida cewa wannan gaisuwa ce sananniya, ana iya mayar da tuhumar ta zama ƙetare iyaka kawai, irin ta abokan aikinsa. In ba haka ba, shekaru ake magana, kuma zaman shari'ar ya matso.

Don haka ina roƙo, ranka ya daɗe. Ka kira mutanen Yawuri da Argungu da Baga da ke garin nan, akwai su a sito-sito da masana'antu, ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya ba a gabana ba. In sun ƙaryata ni, ka kore ni daga ƙungiya. In sun gaskata ni, ka sa babbar rigarka mu je wurin lauyan nan. Sannan kalmar da aka jefa wa wana a gaban jama'a, a janye ta a gaban jama'a, domin ta riga ta isa kunnen 'ya'yansa a gida.

An bar shi ya kira ni sau ɗaya. Na yi zaton zai tambayi abinci ko lauya. Bai tambaya ba. Har yanzu bai gane laifinsa ba, Alhaji. Da muryar mai jin kunya ya ce in bincika masa wurin waɗanda suka san mutanen nan, ko kifin ne ya yi musu ƙanƙanta.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi wa dukiyarka albarka, ya tsare ka daga ranar da za ka yi alheri a karanta shi laifi. Allah ya sa ta hannunka wana zai sake taka ƙasa.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Garba ƙanin Manu, Jebel Ali.