Ku Bar Wa Suhaila Ƙodarta

Da sunan Allah. Ni ne Wan Jusoh ɗan Wan Derahman, masassaƙin jiragen ruwa a tsibirin Pulau Duyong. Da hannun dama nake rubutun nan, na hagun yana jone da injin wankin ƙoda. Hankalina garau yake. Wanda ya ce ciwo ne ke magana, ya zo ya faɗa a gabana.

Na ɗaya. Zulkarnain, kai ne babba, da kai zan fara. Na ji abin da ka gaya wa ƙanwarka Suhaila a barandar asibiti, wai ita ta kashe mini ƙoda, don haka ita za ta ba ni tata. Rohaiza, ke kuma kina gefe kina gyaɗa kai. Kun zaci barci nake yi? Ban taɓa jin kunyar haihuwarku ba sai ranar.

Na biyu. Ga yadda aka yi. Shekara talatin ina shaƙar ƙurar katako har huhuna ya gaza, aka kai ni Kuala Lumpur aka dasa mini na wani. Likita ta gaya mini ƙiri-ƙiri cewa maganin da ke hana jikina ƙin sabon huhun yana wahalar da ƙoda, kada in sha komai sai da saninta. Da na dawo gida jinina ya hau, sai na tuna yadda tsohuwata take matse wa masu hawan jini belimbing, 'ya'yan itacen nan masu tsami na bayan gida. Na ce Suhaila ta matso mini. Ta ƙi, ta ce a tambayi likita. Na ce tun ba a haifi likitar ba muke sha, na kuma rantse ba zan ƙara cin abincin hannunta ba. Tana kuka ta kawo, kofi biyu kullum. Ran na bakwai fitsari ya ɗauke. Ku biyun kuna ina a lokacin? Waya kawai kuke bugowa.

Na uku. Na san Suhaila ta je gwajin jini a ɓoye, ko ƙodarta za ta dace da ni, don ku daina yi mata kallon mai kisan kai. Yarinyar da ke da goyo! Na sa hannu a takarda gaban likita, ba zan karɓi ƙodar kowa a cikinku ba. Sau uku a mako ina kwance awa huɗu, ruwan sha ma auna mini ake yi, kuma na ga jikin ba ya ɗauka. Ni na jawo, ni zan ɗauka.

Na huɗu. Gado a raba yadda Allah ya ce. Jirgin da ban ƙarasa ba, ku bar wa ma'aikatana su ƙarasa, a sayar a yi sadaka ga mamacin da aka dasa mini huhunsa, wanda ko sunansa ban sani ba. Zulkarnain, ka ajiye addar da ka wasa wa bishiyar belimbing ɗin, ba ita ta ɗura mini ba.

Na biyar. Ku je gidan ƙanwarku ku roƙe ta gafara tun ina numfashi. Wanda bai je ba, kada ya taɓa makarata.

Allah ya yi muku albarka ku ukun, ya raya zuriyarku. Ku riƙe juna, kada a yi sallar da ba ku ci abinci a tabarma ɗaya ba. Suhaila, sau uku kina zuwa da shinkafa ina juya miki baya. Ba fushi ba ne, kunya ce. Ki yafe wa babanki.