Shinkafar da Ba Ki Taɓa Ba

Pontianak, ranar Laraba

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mak, na je Teluk Nibung, na kuma ga mahaifiyarki da idona. Na rubuta shi tun a layin farko ne don na san halina: in na fara da gaisuwa, zan yi ta gaisuwa har takarda ta ƙare ban faɗa ba. Babanmu Bapak bai sani ba, ƙanena Fadil bai sani ba, ko ƙawayen da muka yi tafiyar tare ba su san wadda suka gani ba. Ke ce ta farko da na faɗa wa.

Yanzu bari in gaishe ki yadda kika koya mini. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da tsohon da kike jinya a can Taiwan. Yaya bayanki? Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri, ya sa wahalar da kike sha dominmu ta zama hutu wata rana. Mu nan kowa lafiya. Gwiwar Bapak ta yi sauƙi, sai dai ba ya shafa maganin da kika aiko sai na tsaya a kansa. Fadil ya yi tsawo har wandon makarantarsa ya ɗage. Ruwan kogi ya hau har matakalar ƙofa a makon jiya, ya koma bai yi ɓarna ba. Sakamakon jarrabawata bai fito ba tukuna.

Kin tuna Lahadin da na roƙe ki a waya ki sa baki Bapak ya bar ni in bi ƙawayena Yuyun da Mei Lan yawon gaɓar teku? Na ce miki kififfiya za mu je gani tana saka ƙwai a yashi. Gaskiya ne, amma ba duka gaskiyar ke nan ba. Ni na zaɓa mana hanyar. Sunan garinku sau ɗaya tak ya taɓa kuɓuce miki, ina ƙarama kina taje mini kai. Kika ce gidan katako ne a bakin rafi, da bishiyar kwakwa da ta kwanto kan ruwa. Sai kika ce kada in ƙara tambaya. Ban ƙara ba, amma ban manta ba. Littattafan soyayyar nan da kike cewa za su cinye mini ido sun riga sun shirya mini yadda abin zai kasance: zan tsaya a ƙofar gida, iska na kaɗa mayafina, wata tsohuwa ta ɗago kai ta gane ni, abin da ke hannunta ya faɗi. Har maganar da zan yi na haddace.

Tafiyar kanta, da kin gan mu da kin yi dariya. Jakunkunan goyonmu sun fi mu girma. Duk ƙauyen da muka shiga yara sai su biyo mu suna cewa ga Turawa sun zo, Yuyun ta juya ta ce su dubi fatarta da kyau, wane irin Bature ne rana ta gasa haka. Mei Lan ta gaji ta zauna a kan wani kwalekwale da aka kife, ashe fentinsa bai bushe ba. Mai jirgin ya dubi siket ɗinta ya dubi jirginsa, ya ce ai da ta tambaya, jirgin yana da suna, ba ya buƙatar tambari. Yuyun kuma tana ja da baya don ta ɗauki hoton teku, ta taka tabarmar da mata suka shanya jatan lande. Ɗayarsu ta ce 'yan birni ke nan, ido a waya, ƙafa a abincin mutane. Muka yi ta ba da haƙuri muna tsince yashi. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani tsohon masunci ne da ya tambaye mu laifin da muka yi a gida aka koro mu da kaya a baya. Yuyun ta ce yawo kawai muka fito. Ya girgiza kai, ya ce shi a saninsa mutum ba ya ɗaukar kaya sai zai je wurin wani, to wurin wa muka zo? Suka yi dariya. Ni na sunkuyar da kai.

Mun isa Teluk Nibung da rana tsaka, aka ce mu jira a-kori-kurar da ke wucewa arewa. Mak, bishiyar tana nan, ta ƙara kwantawa har ganyenta na shan ruwa. Gidan ma yana nan, kuma a barandarsa matafiya ke jiran mota, don tsohuwar gidan tana sayar da kofi da ruwan kwakwa. Yuyun ta kira ta Nek, wato kaka, yadda ake kiran kowace tsohuwa, ba ta san a bakina ya kamata sunan ya fara fitowa ba. 'Yar ƙarama ce, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma sai ta matso kusa take gani. Tana tari mai zurfi, irin wanda ke sa mutum ya dafa bango. Ba ta ɗago ta gane ni ba, babu abin da ya faɗi daga hannunta. Ni ce na gane ta, a lokacin da ta goge hannayenta a bayan zaninta, daidai yadda kike yi.

Ta tambaye mu daga ina. Da ta ji Pontianak sai ta ajiye butar, ta matso, ta ce a Pontianak ɗin nan tamu ko mun san wata Idah, ke ke nan. Yuyun ta kwashe da dariya, ta ce haba Nek, ai Idah a Pontianak ta fi kifin teku yawa, wace daga ciki? Nek ta yi murmushi ta ce haka ne, haka kowa ke ce mata. Sannan ta juyo wajena ta ce ni da ban ce komai ba, 'yar wace ce? Mak, maganar da na haddace tana nan a kaina. Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa babana Bajawe ne daga tsibirin Jawa, direba. Iyakar abin da na ce ke nan. Kunyata ce da kika sani, da kuma tsoro: na ga kamar in na ambaci sunanki na buɗe ƙofar da ke kika rufe, ba da izininki ba.

Ta shiga ciki ta fito da farantin shinkafa da busasshen kifi da ɗan yaji a gefe, ta ce ba na sayarwa ba ne, mu ci, hanya da nisa. Kafin ta ajiye sai muka ji hon ɗin mota. Yuyun ta ce mun gode Nek, a ƙoshe muke, ta suri jaka. Dukanmu mun san ba a barin abincin da aka miƙo ba a ko taɓa shi ba, don kada wani abu ya sami mutum a hanya, amma su sun ɗauke shi camfin tsofaffi. Ni na san ya kamata in taɓa. Sai dai na san in na matsa kusa da ita kuka zan yi, don haka na bi su na haye bayan mota.

Mota ta fara tafiya sai muka ji kira. Ga Nek a guje, ba takalmi, faranti a hannu biyu, tana cewa mu tsaya, 'ya'yan nan mu tsaya mu taɓa. Yashin nan da zafi kamar garwashi. Mei Lan ta yi ta dukan rufin mota har direba ya taka birki. Da Nek ta iso ba ta iya magana saboda tari, faranti kawai ta ɗaga. Yuyun ta taɓa ta kai yatsa baki, Mei Lan ma haka. Ni hannuna ya ƙi miƙewa. Sai ta kama wuyan hannuna, ta danna yatsuna cikin shinkafar, ita da kanta ta kai su leɓena. Ta ce ke mai shirun nan ke kika fi buƙata. Sannan ta ja baya ta ce to yanzu mu tafi, babu abin da zai same mu.

A bayan motar akwai wata mai sayar da kifi, Mak Long Sarinah, mai surutu. Ta ce kada mu ji komai, haka tsohuwar ke yi wa kowane baƙo, har wani Bature ta taɓa bi da faranti ya ɗauka faɗa ne. Sai ta ba mu labarin. Wai tsohuwar tana da 'ya ɗaya, Idah, da ta nace sai ta ƙetare iyaka neman aiki a Kuching. Uban ya ce in ta fita kada ta dawo. Da safe uwar ta zuba mata shinkafa, yarinya ta fice cikin fushi ba ta ko dube ta ba. Uwar ta bi ta da faranti har mashigar jirgin fito, ta tarar jirgi ya riga ya bar gaɓa. Tun daga ranar, in ji Mak Long, ba ta taɓa yarda cewa maganar uban ce ta hana 'yarta dawowa ba. Cewa tsohuwar take yi shinkafar nan ce da ba a taɓa ba, kuma laifin ƙafafunta ne da ba su yi sauri ba.

Mak, ki zauna kafin ki karanta wannan. Mahaifinki ya rasu a daminar bara waccan. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya ba ki haƙuri. Mak Long ta ce bai taɓa barin a ambaci sunanki a gidan ba, amma duk jajibirin Sallah sai ya sa rigarsa mai kyau ya tafi mashigar jirgi, wai taba zai saya. Sai jirgin ƙarshe ya sauke mutane yake komawa, kuma ba a taɓa ganinsa da taba ba. Na juya baya na ce warin kifi ne ya tayar mini da zuciya. Mei Lan ta miƙo mini ruwa.

Sai a lokacin na tuna ranar da Fadil ya makara ya fita bai taɓa karin kumallo ba, kika bi shi har babban titi da kwano, mu da Bapak muna ta dariya a ƙofa. Da kika dawo ba ki yi dariyar ba. Ki yafe mini wannan dariyar.

Kififfiyar mun gan ta, amma kusan ban tuna komai ba. 'Yan ƙwayoyin shinkafa sun manne a yatsuna, na dunƙule hannu har muka sauka, na sa su tsakanin shafukan littafin da nake karantawa, suka bushe. Su ne a ƙaramar takardar da na ninke a cikin ambulan ɗin nan. Na san za ki ce aikin littattafai ne ya motsa. Wataƙila. Amma daga tukunyarta suka fito, da hannunta ta zuba. Ki taɓa su, Mak.

Na san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ban san abin da kika sha ba, ban san maganar da aka faɗa miki da ba ta kai kunnen Mak Long ba. Abin da na sani shi ne kin ce ƙarshen watan gobe za ki sa hannu a sabon kwantiragi na shekara uku, kuma na ji tarin Nek da kunnena. Ba na ce ki bar aikin ba. Roƙona ki zo ko da hutu ne kafin ki sa hannu. Zumunta a ƙafa take, ita kuwa ƙafafunta sun yi iyakar gudun da za su iya. In kina jin nauyin shiga, ni zan shige gaba, wannan karon zan faɗa mata 'yar wace ce ni. In kuma fushi za ki yi da ni don na je ba da saninki ba, ki yi, na ɗauka.

Bapak yana gaishe ki, Fadil yana gaishe ki, ya ce kada ki manta takalmin ƙwallonsa. Gwaggona Bude Sri da 'ya'yanta suna gaisuwa. Ki gaishe mini da ƙawarki Kak Yanti da kuke haɗuwa ranar hutu, ki gaishe da tsohonki, Allah ya ba shi sauƙi. Allah ya tsare mana ke, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce 'yarki mai kewarki kullum,
Hanum

Ƙari. Yau Asabar. Tun Laraba takardar nan take ƙarƙashin matashina, na ɗauko ta in yaga ban san sau nawa ba, don ina tsoron ki karanta ta ke kaɗai a ƙasar mutane, ba mai dafa kafaɗarki. Bu Marni maƙwabciyarmu yau hutunta ya ƙare, za ta koma garin da kuke aiki. Ta shigo sallama yanzu, tana tambaya ko akwai saƙon Idah. Bapak ya ajiye mata kofi da soyayyar ayaba, ta ce sauri take yi, mota na jira. Ina kallonta ta labule. Ta kai ƙofa, ta tsaya, ta dawo ta taɓa farantin ta kai yatsa baki. Zan liƙe ambulan ɗin yanzu in ba ta, in roƙe ta ta zauna kusa da ke har ki gama karantawa.